GANI YA KORI JI: DARASI DAGA ZIYARAR JAMI'AR AHMADU BELLO, ZARIYA

Kowace shekara, idan lokacin cika fom na JAMB ya matso, mukan tambayi 'yan aji shida abin da kowannensu yake so ya karanta a jami'a. Amsar ba ta cika sakewa ba. Wannan likita, wancan lauya, waccan kuma injiniya. Amma idan muka ƙara tambaya, muka ce shekara nawa ake yi a wannan karatu, waɗanne darussa ake nema kafin a shiga, me ake koya a shekarar farko, sai ka ji shiru, wai malam ya ci shirwa. Yawancinsu sunan aikin suke so, ba su san hanyar da take kai mutum can ba.

Wannan shi ya sa a zangon karatu da ya wuce muka nemi izinin shugaban makaranta da na iyaye, muka ɗebi 'yan aji biyar da 'yan aji shida, muka kai su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya domin su gani da idonsu. Mun rubuta wannan darasi ne saboda waɗanda ba su sami zuwa ba, da kuma ƙannenmu na ƙananan azuzuwa waɗanda nasu lokacin yana tafe. Abin da muke so ku riƙe shi ne wannan: wanda ya ziyarci jami'a bai tambayi komai game da karatun da zai yi ba, yawon buɗe ido kawai ya yi.

SHIRI KAFIN TAFIYA

Ba a faɗa wa jami'a haka kawai kamar kasuwa. Mun fara rubuta wasiƙa, muka faɗi ranar zuwanmu, da yawan ɗalibanmu, da sassan da muke so mu gani. Sa'an nan muka ba kowane ɗalibi aiki uku. Na ɗaya, ya rubuta fannoni biyu da yake sha'awa, na farko da mabiyinsa. Na biyu, ya duba littafin jagora na JAMB ya kwafe sharuɗɗan shiga waɗannan fannoni. Na uku, ya ajiye sakamakon jarrabawarsa na zangon da ya wuce kusa da waɗannan sharuɗɗa, ya dube su tare. Wasu tun daga nan jikinsu ya fara yin sanyi. Kowa ya shiga mota da ƙaramin littafi da biro, da tambayoyi biyar a rubuce.

KAƊAN DAGA TARIHIN JAMI'AR

An buɗe wannan jami'a ran 4 ga Oktoba, 1962, aka sa mata sunan Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato. Ta soma da tsangaya huɗu da ɗalibai 426. Shugabanta na farko Bature ne mutumin ƙasar New Zealand, sunansa Norman Alexander. A 1966 Farfesa Ishaya Audu ya gaje shi, ya riƙe ta har 1975. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya hau wannan kujera. Likitan yara ne, kuma a makarantar mishan ta Wusasa ya yi karatunsa na farko. Mun tsaya a kan wannan batu da gangan, domin ɗalibanmu su san cewa daga irin bencin da suke zaune a kai wannan bawan Allah ya tashi.

Ba a wuri ɗaya jami'ar take ba. Babban mazauninta yana Samaru, a kan hanyar da ta fita daga Zariya ta nufi Funtuwa. Akwai wani mazaunin a Kongo, inda ake koyon aikin lauya da aikin mulki. Asibitin koyarwa kuwa yana Shika, gaba da Samaru. Wannan ma darasi ne. Wanda ya zaga Samaru kaɗai alhali lauya yake so ya zama, bai ga inda zai zauna ba tukuna.

TSANGAYA DA SASHE

Abu na farko da muka yi wa ɗalibai bayani bayan mun shiga ƙofa shi ne yadda aka rarraba karatu. A sakandare malami ne yake zuwa ya same ka a aji. A jami'a kai ne za ka bi malami daga wannan ɗakin lacca zuwa wancan, ba ƙararrawa, ba mai bin ka da bulala. An raba jami'a zuwa tsangayoyi, kowace tsangaya kuma tana da sassa a ƙarƙashinta. A ɗauki tsangayar injiniya. A cikinta akwai sashen gine-gine da hanyoyi da gadoji, da na lantarki, da na injuna, da na sinadarai, da na kayan aikin gona, da na albarkatun ruwa. Saboda haka ɗalibin da ya ce shi injiniya zai zama, bai gama magana ba. Sai ya faɗi wane iri.

Tsawon karatun ma ya bambanta. Fannoni irin su Tarihi, Hausa, Turanci, Lissafi da Ilmin Tattalin Arziki shekara 4 ne. Injiniya da aikin gona da lauya shekara 5. Likitan mutane da likitan dabbobi shekara 6. Wannan kuwa idan komai ya tafi daidai ke nan, ba a maimaita ba, ba a kuma sami yajin aiki ba. Bayan digiri, lauya sai ya je makarantar horon lauyoyi kafin a ba shi izinin tsayawa gaban alƙali. Likita sai ya yi shekara guda yana aiki a ƙarƙashin manyan likitoci. Sa'an nan ga shekarar bautar ƙasa, wadda aka soma tun 1973. Mun sa kowane ɗalibi ya haɗa waɗannan shekaru da shekarunsa na haihuwa, ya kuma tuna da ƙarfin aljihun mai biya masa.

ABIN DA MUKA GANI

Mun fara da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, wanda aka sa wa sunan tsohon Gwamnan Jihar Arewa. Girman ginin da yawan littattafan sun ba yaranmu mamaki. Amma abin da muka ce su lura da shi daban ne. Muka ce su dubi mutanen da ke zaune a ciki, kowa ya duƙufa, ba malamin da ya tsare su. Wannan shi ne karatun jami'a. Abin da malami zai faɗa a lacca somin taɓi ne, sauran kai za ka nemo.

Daga nan muka je wajen masu karatun likita. Wata ɗaliba da ta yi nisa a karatun ta ba mu lokacinta, yaranmu mata suka kewaye ta suna ta kiranta Yaya. Ta bayyana musu cewa a shekarar farko ba ka ganin majinyaci ko ɗaya, Fiziks da Kemistiri da Bayoloji za ka sake yi, masu zurfi fiye da na sakandare. Bayan haka sai a shiga nazarin ƙirar jikin mutum, da yadda gaɓoɓi suke aiki, da sinadaran da ke cikin jiki. A nan ne ake aiki da gawa domin a san kowace jijiya da kowane ƙashi. Sai wanda ya haye babbar jarrabawar da ke ƙarshen wannan mataki yake wucewa asibitin koyarwa a Shika, inda akwai kwanan asibiti da tashin dare. Da ta gama, wasu daga cikin yaranmu sha'awarsu ta ƙaru, wasu kuwa suka yi zuru. Duka biyun riba ce. Gara mutum ya san kansa yau da ya sani bayan iyaye sun sayar da hatsin shekara biyu a kansa.

Inda muka fi daɗewa shi ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Ta girmi jami'ar kanta, domin tun 1922 aka soma binciken noma a wurin. Da muka ce za mu je can, wasu sun ɓata fuska, wai su daga gona suka fito, me za a nuna musu. Amma da aka fara bayani sai labari ya sake. A wannan cibiya ake fitar da sababbin irin shuka, kuma ana gane su da sunansu, domin duk da SAM suke farawa, wato Samaru. Masara SAMMAZ, dawa SAMSORG, wake SAMPEA, gyaɗa SAMNUT, auduga SAMCOT. A 2019 aka fitar da waken da ake kira SAMPEA 20-T, wanda ke jure wa tsutsar nan mai huda kwanson wake. A Shika kuma akwai cibiyar binciken dabbobi, inda aka samar da kazar ƙwai da ake kira Shika Brown.

Wani yaro ɗan aji biyar ya matso kusa da mu, ya ce, "Malam, ai na taɓa ganin wannan suna a jikin buhun irin da Baba ya sayo. Ashe a nan ake yin sa?" Muka ce masa a nan ne, kuma mutane ne irinsa suka yi karatu suka fitar da shi. An nuna musu cewa mai fitar da iri sai ya san Bayoloji da Kemistiri da Lissafi, yana kuma shekaru yana haɗa wannan iri da wancan, yana gwadawa a gona, kafin ya sami wanda zai nuna da wuri ko ya jure fari. Yaron nan da ya shiga mota da sunan likita a takardarsa, ya fito yana tambayar sharuɗɗan shiga aikin gona. Ba mu ce masa ya sake ba, ba mu kuma ce kada ya sake ba. Mun dai ce ya je ya yi shawara da mahaifinsa.

Mun kuma biya ta sashen zane da sassaƙa, inda gumaka da siffofin da ɗalibai suka ƙera suke tsaye a fili. A 1958, tun wurin yana kwaleji kafin a mai da shi jami'a, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda daga baya sunansu ya zaga duniya. Mun faɗi wannan ne saboda yaran da mukan kama suna zane a bayan littafin Lissafi. Baiwa ce, kuma tana da gurbinta a jami'a.

ABIN DA YA FARU A KONGO

A Kongo ne muka gamu da abin da ya fi taɓa mu. Akwai wani ɗan aji shida, yaro mai ƙwazo, gwanin muhawara, wanda tun yana aji ɗaya kowa ke kiransa Barista. Da ya zauna da wani malamin jami'a ya karanta masa darussan da ya yi rajistar jarrabawar ƙarshe da su, sai malamin ya tambaye shi ina Adabin Turanci. Ashe ya ajiye shi tun a aji huɗu, wai littattafan sun yi yawa. A yawancin jami'o'in ƙasar nan kuwa ba a shiga karatun lauya sai da kiredit a Adabin Turanci, kuma sai an rubuta shi a jarrabawar JAMB.

Yaron ya dawo wurinmu idonsa ya yi ja, ya ce, "Malam, yanzu shi ke nan?" Muka ce ba shi ke nan ba. Akwai jarrabawar 'yan waje ta WAEC da ta NECO, zai iya shirya Adabin ya rubuta, tun da jami'o'i da yawa suna karɓar sakamako na zama biyu. Amma gaskiya ɗaya ce, da wuya shekara guda ba ta wuce shi ba, ga kuma kuɗin wata rajistar a kan iyayensa. Ba za mu ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Mu malamansa muna nan ya ajiye darasin, ba wanda ya zaunar da shi ya tambaye shi inda ya dosa. Tun ran gini, ran zane. Saboda haka muka ƙudura cewa daga yanzu 'yan aji uku ma za a riƙa yi musu wannan bayani kafin su zaɓi ɓangaren kimiyya ko na adabi ko na kasuwanci.

HANYAR SHIGA

Ga taƙaitaccen abin da kowa ya kamata ya sani. Ana neman kiredit biyar a darussan da suka dace da fannin, Turanci yana ciki, Lissafi kuwa wajibi ne ga duk mai neman kimiyya ko injiniya ko likita. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke shirya jarrabawar shiga. Darasi huɗu ake rubutawa, jimlar maki 400, kuma tun 2015 a kan kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Turanci dole ne ga kowa, sauran ukun kuwa fannin ne ke zaɓa maka su:

1. Likita: Fiziks, Kemistiri da Bayoloji.
2. Injiniya: Lissafi, Fiziks da Kemistiri.
3. Aikin gona: Kemistiri, da Bayoloji ko Ilmin Noma, da Fiziks ko Lissafi.
4. Lauya: Adabin Turanci, da biyu daga irin su Ilmin Gwamnati, Tarihi da Ilmin Addini.

Wanda ya haɗa darussan ba daidai ba, ko makinsa ya kai ina, ba zai sami gurbin ba. Bayan JAMB, jami'a tana yin nata tantancewar. A kuma sani cewa mafi ƙarancin makin da aka yanka don shiga jami'a daban yake da makin da zai ba ka likita ko lauya, inda masu nema suka fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Akwai wata ƙofar kuma, wato shiga kai tsaye a shekara ta biyu, ga mai takardar NCE ko difiloma ko sakamakon IJMB, jarrabawar da ita wannan jami'a ce ke kula da ita. Sharuɗɗa sukan sake, don haka a duba littafin jagora na shekarar da za a rubuta, kada a dogara da abin da wani yaya ya yi shekara biyar da ta wuce.

TAMBAYOYIN DA ZA KA TAFI DA SU

Matambayi ba ya ɓata. Duk makarantar da za ka ziyarta, jami'a ce ko kwalejin ilmi ko ta fasaha, ka nemi amsar waɗannan:

1. Hukumar jami'o'i ta ƙasa, wato NUC, ta amince da wannan fanni a wannan makaranta? Idan aikin yana da tasa hukumar, kamar ta likitoci ko ta injiniyoyi ko ta lauyoyi, ita ma ta amince?
2. Waɗanne darussa ake yi a shekarar farko da ta biyu?
3. Akwai ɗakin gwaje-gwaje ko gona ko ma'aikata, kuma ɗalibai suna taɓa kayan da hannunsu?
4. Ana tura ɗalibai koyon aiki a waje? A wace shekara?
5. Waɗanda suka gama, wane irin aiki suke yi?
6. Nawa ne kuɗin rajista, da na ɗakin kwana, da na littattafai da abinci?

Ka tambayi malami, ka kuma tambayi ɗalibi. Malami zai faɗa maka yadda aka tsara abin, ɗalibi kuwa zai faɗa maka yadda yake ji a jikinsa.

ZAMAN JAMI'A

Kafin mu juyo mun leƙa wajen ɗakunan kwanan ɗalibai, irin su Amina da Sulaiman da Ɗanfodiyo da Ribaɗu. Ba kowa ke samun gado a ciki ba, da yawa haya suke kamawa a cikin garin Samaru, wannan kuma ƙarin kuɗi ne da ya kamata iyaye su sani tun da wuri. Tun 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun ba ɗalibai rancen karatu marar ruwa, amma rance sunansa rance, ranar biya tana zuwa. Mun ga masallaci, mun ga majami'u, mun kuma gaisa da 'yan ƙungiyar ɗalibai Kirista, cikinsu har da tsofaffin ɗalibanmu. Abin da suka fi jaddada wa ƙannensu shi ne cewa a can ba mai tashe ka da asuba, ba mai duba ko ka yi addu'a ko ka yi karatu. Za ka zauna ɗaki ɗaya da wanda ba yarenku ɗaya ba, ba addininku ɗaya ba. Halin da ka tafi da shi daga gida da makaranta, shi ne zai riƙe ka.

GA IYAYE

Muna roƙon iyayenmu su ba yaran nan kunne. Kowane uba yana so a ce ɗansa likita ne, amma daidai ruwa daidai tsaki. Yaron da Kemistiri ke ba shi wuya tun aji huɗu, idan aka matsa masa sai likita, yakan yi shekara biyu ko uku a gida yana maimaita JAMB, alhali da an bar shi ya nemi abin da yake iyawa da tuni ya yi nisa. Jami'a kuma ba ita kaɗai ce ƙofa ba. Da yawa daga cikinmu malamai ta kwalejin horon malamai muka bi, ba mu kuwa yi da-na-sani ba. Idan da hali, uba ko uwa su raka yaro su ga makarantar tare. Kuɗin motar kwana ɗaya bai kai asarar shekara guda ba.

A hanyarmu ta dawowa motar ta yi tsit, ba kamar da safe ba da ake ta waƙe-waƙe. Kowa ya buɗe ɗan littafinsa yana dubawa. Wasu sun soke abin da suka rubuta da farko, wasu sun ja masa layi biyu a ƙasa. Muna gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, muna kuma gode wa iyayen da suka amince mana da 'ya'yansu.

AIKI DOMIN ƊALIBAI

1. Rubuta fannoni biyu da kake so ka karanta, da darussa huɗu na JAMB da kowannensu yake bukata.
2. Gwada su da darussan da kake yi yanzu. Akwai wanda ya ɓace? Idan akwai, ka ga malamin ajinku cikin wannan mako.
3. Lissafta shekarun da za ka yi daga shiga jami'a har zuwa gama bautar ƙasa.
4. Nemi mutum ɗaya a garinku mai yin aikin da kake sha'awa, ka tambaye shi abin da ya fi ba shi wuya a lokacin karatunsa, ka rubuta amsarsa a shafi ɗaya.